SHAFIN TARIHI: MATUƘIN JIRGIN DA YA BAR GIDA, GIDA YA BAR SHI

 Muna sanar da ku cewa a wannan fitowa shafin tarihi zai ɗan yi nisan kiwo. Mun saba kawo muku labarin sarakunan Damagaram da na Sosebaki da kafuwar garuruwanmu. Yau kuwa labarin wani Bature ne, matuƙin jirgin saman yaƙi, mutumin ƙasar Polan, sunansa Jan Zumbach, a baki ana cewa Yan Zumbak.

Mun san wani zai ce, ina ruwan mutumin Magarya ko Dungas da Baturen Polan? To, haɗin biyu ne. Na ɗaya, yaƙin ƙarshe da mutumin nan ya shiga shi ne yaƙin basasar Nijeriya, kuma jiragen ɓangaren da ya yi wa aiki sun kai hari har filin jirgin saman Kano. Daga Magarya zuwa Kano a miƙe kilomita 120 ne ko kusa da haka, watau ƙofar gidanmu ke nan. Na biyu, mutum ne da ya fita daga garinsu da niyyar komawa, ya yi shekara shida yana faɗa don ya koma, da aka gama sai ya iske an rufe ƙofa. Babu gida a ƙasarmu da ba shi da wani a Kano ko Ikko, ko Libiya ko Aljeriya, saboda haka muna ganin labarin ba baƙo ba ne a kunnenmu.

ASALINSA DA FITARSA

An haifi Zumbak ran 14 ga Afrilu 1915 a kusa da Warso, babban birnin Polan. Kakansa mutumin Suwizalan ne da ya zo ya zauna a Polan, don haka takardun gidansu na Suwizalan ne, ko da yake shi yaron a Polan ya tashi, harshensu yake ji, kuma can ya ɗauka gida. Da ya so shiga soja sai ya ɓoye wannan asali. Mu mutanen bakin iyaka mun san irin wannan, mutum cibiyarsa tana nan, takardarsa tana can. Ya fara da sojan ƙasa, a 1936 ya shiga makarantar sojan sama ta garin Demblin, ya fito hafsa a 1938, aka tura shi ƙungiya ta 111 mai tsaron sararin Warso.

Ran 1 ga Satumba 1939 Hitila ya auka wa Polan daga yamma. Ran 17 ga wata Rasha ta shigo daga gabas, suka raba ƙasar biyu kamar an raba waina. Abin da ya fi ci wa Zumbak rai shi ne bai tashi ko sau ɗaya ba a wannan yaƙi, don kuwa ya karye a ƙafa a wani haɗarin jirgi 'yan watanni kafin a fara. Da ƙafar da ba ta gama ɗoruwa ba ya bi sauran sojan sama suka ƙetare zuwa Romaniya. Daga nan ya sulale, ya bi ta teku zuwa Bairut, ya isa Faransa, inda gwamnatin Polan ta gudun hijira take tara sojojinta.

A Faransa aka ba shi jirgi ya yi faɗa a 1940, amma ita ma Faransa ba ta daɗe ba. A watan Yuni ta miƙa wuya. Zumbak da 'yan'uwansa suka sake neman bakin teku, suka hau jirgin ruwa sai Ingila. Cikin wata goma ke nan ƙasa biyu ta faɗi a kansa. Sojojin Polan suka riƙa kiran Ingila tsibirin ƙarshen fata, don in ita ma ta faɗi babu sauran wurin zuwa.

YAƘIN SARARIN INGILA

Ran 2 ga Agusta 1940 aka sa shi cikin waɗanda suka kafa Runduna ta 303, rundunar 'yan Polan a ƙarƙashin sojan saman Ingila, a filin Nortolt da ke gefen Landan. Da farko Ingilishi ba su yarda da su ba. Suna ganin mutanen da aka ci ƙasarsu cikin wata guda me za su iya? Ga kuma rashin harshe. Baƙin nan ba su jin Ingilishi, sun saba da kilomita an ce su yi lissafi da mil, kuma totur ɗin jirgin Ingila gaba ake tura shi, alhali wanda suka saba da shi baya ake ja. Wasu har suka riƙa mantawa da sakin ƙafafun jirgi in za su sauka. Sai aka ɗora gwanayen tuƙi a kan keke mai ƙafa uku, aka ɗaura musu rediyo, suna zagaya fili suna koyon karɓar umarni da Ingilishi. Duk wanda ya taɓa sauka a baƙon gari da sana'arsa a hannu, aka mai da shi ɗan koyo don ba ya jin yaren gari, ya san abin da suka ji a ransu.

Ran 30 ga Agusta suna cikin atisaye a sama, ɗayansu mai suna Ludwik Paszkiewicz ya hango jirgin Jamus, ya fita daga layi ya kakkaɓo shi. Aka yi masa faɗa, aka kuma yaba masa, kashegari aka ce rundunar ta shiga yaƙi. Shi kansa bai ƙara cika wata guda a duniya ba, an harbo shi ran 27 ga Satumba.

A lokacin Jamus tana turo jirage ɗaruruwa kullum don ta karya sojan saman Ingila, sa'an nan ta ƙetaro da sojan ƙasa. Ran 7 ga Satumba, ranar da aka fara yi wa Landan ruwan bam gadan-gadan, Zumbak ya harbo jirage biyu masu jefa bam. Kafin watan ya ƙare an rubuta masa 8. Rundunar baki ɗaya aka rubuta mata 126 cikin mako shida, ta wuce duk rundunonin da ke tuƙa jirgin Hurricane. Masana tarihi da suka duba takardun Jamus daga baya sun rage wannan lissafi, don a cikin hayaƙi da ruɗani mutum biyu kan ɗauka su suka harbo jirgi ɗaya, amma ko bayan ragin rundunar tana sahun gaba. Dabararsu ita ce ba su buɗe wuta sai sun matso daf da abokin gaba. Matuƙa 145 'yan Polan suka yi wannan yaƙi na 1940, kusan 30 daga ciki suka mutu.

Zumbak ya ci gaba. A watan Mayu 1941 aka harbo shi a wajen Doba, bakin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, ya diro da lema lafiya lau. Ya ɗan yi aikin koyar da sababbin matuƙa, ya dawo, a watan Mayu 1942 aka ba shi shugabancin Runduna ta 303 ɗin kanta, yana da shekara 27. Shi ya ja ta a harin da aka kai garin Diyef na Faransa ran 19 ga Agusta 1942. A jikin jirginsa ƙirar Spitfire akwai zanen agwagwar nan ta majigin yara, da shi ake gane shi. Jimlar jiragen da aka tabbatar ya harbo shi kaɗai 12 ne. Polan ta ba shi babbar lambarta ta jaruntaka mai suna Virtuti Militari, Ingila ma ta ba shi tata lambar ta sojan sama har sau biyu. A watan Afrilu 1945, saura wata guda a gama yaƙi, ya ɓata hanya a wani ƙaramin jirgi, ya sauka a bayan layin Jamus, aka kama shi. A fursuna ya ji labarin nasara.

MU KUMA A WANNAN LOKACI

Kafin mu ci gaba, bari mu waiwayo gida mu ga yadda muke sa'ad da ake wannan. Da Faransa ta faɗi a 1940, Nasaran da ke mulkin Nijar suka bi gwamnatin Marshal Fetan, wadda ta yi sulhu da Jamus, kuma a haka aka zauna har Nuwamba 1942. Cadi kuwa, a ƙarƙashin Gwamna Feliks Ebuwe, ta bi Janar Digol tun ran 26 ga Agusta 1940. Kano tana hannun Ingilishi. Ashe ke nan iyakar da ke tsakanin Magarya da Babura, da tsakanin Dungas da Maigatari, ta zama iyakar ɓangarori biyu na yaƙin duniya. Aka tsananta tsaro, aka matsa wa talakawa da aikin tilas da karɓar hatsi da dabbobi. Mutane da yawa suka tsallaka kudu wurin dangi don su huta. Aikin tilas ɗin nan sai a 1946 aka soke shi.

Kano kuwa ta zama babban zangon jiragen yaƙi. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925 jirgin sama ya fara sauka a can, amma daga Satumba 1940 abin ya zama na kullum. Ana kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Forlami wato Njamaina ta yau, a ratsa Darfur zuwa Hartum, a dire Masar inda ake gwabzawa. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Cikin masu tuƙa su tun daga 1941 akwai wata ƙungiya ta 'yan Polan, 'yan'uwan su Zumbak, masu gudun hijira irinsa. Watau tun a wancan zamani matuƙan Polan sun sha ruwan Kano.

Mu ma mun ba da namu. Daga ɓangaren Faransa an ɗebi samari sun yi yaƙin 1940, wasu suka ƙare a sansanin fursunonin Jamus. Daga ɓangaren Ingilishi an kai Hausawa Habasha da Bama. Mazan jiya da muka taso muka gani da lambobi a ƙirji ranar salla ko ranar bikin gwamnati, tsarar Zumbak ne.

AN CI MORIYAR GANGA

A watan Fabrairu 1945 shugabannin Amurka da Ingila da Rasha suka zauna a Yalta suka tsara yadda duniya za ta kasance. Polan ta faɗa rabon Rasha. Aka yanke gabashinta, aka kafa gwamnatin kwaminis a Warso, a watan Yuli kuma Ingila da Amurka suka janye amincewarsu daga gwamnatin hijira da ke Landan, wadda sojojin nan suka yi wa rantsuwa. Ƙasar da saboda ita aka fara yaƙi, wadda ta rasa mutum kusan miliyan 6, ta fita daga hannun wani ta shiga hannun wani.

Ran 8 ga Yuni 1946 aka yi babban faretin nasara a Landan. Sojojin ƙasashe da yawa suka wuce, har da na Afirka ta Yamma. Sojojin Polan da suka yi faɗa tare da Ingila tun daga farko ba su cikin layi, don ana gudun ɓata wa Rasha rai. An gayyaci matuƙa kaɗan a ƙurarren lokaci, suka ƙi zuwa tun da ba a kira 'yan'uwansu na ƙasa da na ruwa ba. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Wannan ma ba sabon abu ba ne gare mu. A ƙarshen 1944 an janye baƙaƙen sojoji daga rundunar Faransa bayan sun sha wuyar hanya, aka ba fararen samari kayansu. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga fursuna suna neman haƙƙinsu. A 1959 kuma aka yi dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiya na Afirka, na 'yan Faransa yana ƙaruwa nasu yana tsaye, aka shekara kusan hamsin kafin a daidaita.

To, ina mafita ga matuƙan Polan? Wanda ya koma gida yana cikin haɗari. Stanislaw Skalski, wanda ya fi kowa harbo jirage a cikinsu, ya koma a 1947. Aka kama shi a 1948, aka azabtar da shi, aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin leƙen asiri, sai a 1956 ya fito. Wanda ya zauna a Ingila kuwa ya koma ba kowa ba. Janar Maczek, wanda ya ja rundunar tankoki ya 'yantar da garuruwa a Beljiyam da Holan, ya ƙare yana sayar da abin sha a wani otel a Edinbara. Janar Sosabowski, shugaban sojan lema, ya zama ma'aikacin masana'anta a Landan. Su dai sun haƙura da ƙaramin aiki na halal har suka mutu da mutuncinsu. Mu riƙe sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

FASA-ƘWAURI DA KATANGA

An sallami Zumbak daga soja a 1946, yana da shekara 31, ba abin da ya iya sai tuƙin jirgi da harbi. Takardar Suwizalan da ya ɓoye yana saurayi ita ta zama abin tafiyarsa. Shi da wasu tsofaffin abokan yaƙi suka kafa kamfanin hayar jiragen sama, amma ainihin cinikin fasa-ƙwauri ne. Shi da kansa ya ba da labari a littafin rayuwarsa, wanda ya fito da Faransanci a 1973 da sunan Mister Brown, yadda suka riƙa tsallakar da agogo da zinariya da sauran kayan da aka hana daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ba sai mun yi wa mutanen bakin iyaka bayanin wannan sana'a ba, sai dai shi a sama yake bin barauniyar hanya. Daga baya ya zauna a Faris ya buɗe gidan rawa.

A 1960 Kwango ta sami mulkin kai daga Beljiyam. Ba a yi mako biyu ba, ran 11 ga Yuli, Moyis Combe ya ce lardin Katanga ya ɓalle. Lardin nan shi ke da tagulla da sauran ma'adinai, kuma babban kamfanin haƙar ma'adinai na Beljiyam yana bayansa. A can Katanga aka kashe Firayim Minista Patiris Lumumba ran 17 ga Janairu 1961. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura sojoji, ciki har da na Nijeriya. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed ɗan Kano duk sun yi aiki a Kwango suna ƙananan hafsoshi.

A farkon 1962 Combe ya ɗauki Zumbak haya ya kafa masa sojan sama. Ya sayo tsofaffin jirage, ya tara matuƙa da makanikai, wasunsu 'yan Polan irinsa da ba su da wurin komawa. A nan ya fara amfani da sunan aro, Mista Brown. Abin bai yi ƙarko ba. A ƙarshen Disamba 1962 jiragen Suwidin masu aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya suka farfasa yawancin jiragen Katanga a ƙasa, a filin Kolwezi. A Janairu 1963 tawaye ya ƙare, sojan haya suka watse ta Angola. Mu lura da wannan: mutumin da ya ga manyan ƙasashe sun raba ƙasarsu saboda son zuciya, yau ga shi ana biyansa don a raba ƙasar wasu.

YAƘIN BIYAFARA

Manyanmu ba su manta da 1966 ba. Ran 15 ga Janairu aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu manya. Ran 29 ga Yuli aka yi juyin ramuwa, Gowon ya hau. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Kano, ɗaruruwan dubbai suka gudu gabas. Gaskiya ce mai ɗaci, amma tarihi ba ya son a ɓoye ta. Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara harbi.

Biyafara ba ta da jirgin yaƙi. Ta hannun dillalai aka sayo wani tsohon jirgi mai jefa bam ƙirar B-26, ragowar sojan Faransa, Zumbak ya tuƙo shi ya sauka Inugu a ƙarshen Yuni 1967, ya kuma tsaya ya zama shi ne mai kai hari da shi. Jirgin ya zo tsirara, babu bindiga babu bam. Aka zana masa baki mai haƙora a goshi. Maƙeran Biyafara suka ƙera bama-bamai na gida, ana turo su da hannu ta ƙofar cikin jirgi. A yadda ya faɗa a littafinsa, bindiga ɗaya aka ɗaura a hancin jirgin, mai harbin ba ya ganin matuƙi, sai aka ɗaura masa igiya, in an ja ya buɗe wuta, in an sake ja ya tsaya. Abin kamar wasa, amma wanda bam ya faɗo wa ba wasa ya gani ba.

Ran 10 ga Yuli ya kai hari filin jirgin saman Makurɗi a bakin Binuwai, ya lalata jiragen da ke ajiye. A makonnin farko gwamnatin tarayya ba ta da abin tare shi. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A watan Agusta, sa'ad da Rasha ta fara sauke wa Nijeriya jiragen MiG a Kano ana harhaɗa su, jiragen Biyafara suka taso tun daga kudu suka jefa bam a filin. Filin nan da matuƙan Polan suka riƙa sauka a 1941 suna kai jirage don a yaƙi Hitila, shi ne fa. Shi ne kuma filin da alhazanmu da yawa suka tashi zuwa Makka.

Zumbak bai daɗe ba, cikin 1967 ɗin ya koma Turai. Ran 4 ga Oktoba sojan tarayya suka ci Inugu, suka iske jirgin mai haƙora a yashe. Kada kuma mu ɗora laifi a gefe ɗaya. Ita ma gwamnatin tarayya ta ɗauko matuƙa daga waje, Misirawa da Turawan haya, kuma bama-bamansu sun faɗa a kasuwanni da asibitoci a gabas. Baƙi a sama ta kowane gefe, 'yan ƙasa a ƙasa suna mutuwa. Kafin a gama ran 15 ga Janairu 1970, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum miliyan 1 ko fiye sun salwanta, yawancinsu yara da yunwa ta kashe.

Yaƙin ya taɓa mu. Gyaɗar ƙasarmu ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa teku, kayan masarufi ta can suke zuwa. A Janairu 1968 Nijeriya ta canja takardun kuɗinta don ta karya Biyafara, duk mai ajiyar fam a tukunya, ko a wannan gefen iyaka yake, sai da hankalinsa ya tashi. Faransa ta Digol ta karkata ga Biyafara, Kodebuwa da Gabon suka amince da ita. Shugaba Diori Hamani kuwa ya tsaya a kan Nijeriya ɗaya, duk da ba haka Faris ta so ba, don ya san hanta da jini ba su rabuwa. A watan Yuli 1968 Yamai ta karɓi taron sulhu na kwamitin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, Sarkin Habasha Haile Selasi yana shugabanta. Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo, amma ba a daidaita ba.

ƘARSHENSA DA ABIN DA MUKA GANI

Zumbak ya rasu a Faransa ran 3 ga Janairu 1986, yana da shekara 70, cikin wani hali da ya jawo maganganu. Tun fitarsa a 1939 bai sake zama a Polan ba. Bayan mutuwa aka kai shi maƙabartar sojoji ta Powonzki a Warso aka binne. A 2018 an yi fim mai suna Hurricane a kan Runduna ta 303, shi ne tauraron labarin, amma fim ɗin bai kai Kolwezi ko Makurɗi ba.

Jama'a, ba mu kawo wannan don mu zagi mamaci ba. Jaruntakarsa ta 1940 gaskiya ce, zaluncin da aka yi musu a 1945 ma gaskiya ne. Amma mu duba. Hannu ɗaya ne, gwaninta ɗaya ce, yaƙi uku. A na farko yana da gida a ransa, yana da mutanen da zai koma ya dubi idonsu. A na biyu da na uku babu mai tambayarsa ina ka samo, babu wanda zai ji kunya a gabansa, sunan ma na aro ne. Janar-janar ɗin nan biyu da muka ce a riƙe, su ma an rufe musu ƙofa, amma suka zauna cikin jama'arsu ta hijira, ana sanin inda suke kwana da abin da suke ci. Shi kuwa ya bi mai biya.

Mun ga irin wannan da idonmu. A 2011, da yaƙin Libiya ya tashi, 'yan'uwanmu suka dawo da rigar jikinsu kawai, wasu an tsare su, wasu an kashe su bisa zargin sojan haya ne, alhali birkiloli ne da masu gadi da masu ban-ruwa a gonaki. 'Yan kaɗan da suka karɓi bindiga don kuɗi sun ja wa dubbai. Kuma muddin ana yaƙi a duniya, ba a rasa mai zuwa wurin saurayin da aljihunsa ya bushe a baƙon gari, ya ce ga aiki mai tsoka, kada ka tambaya.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Ku na waje, kada ku yanke igiya. Ku riƙa aiko da gaisuwa ko babu ko dala a ciki, ku nemi 'yan garinku inda kuke, ku bari a san sana'arku. Duk aikin da sai ka canja suna za ka yi shi, ka tsaya ka yi tunani. Ku kuma iyayenmu na gida, kada ku rufe ƙofa ga wanda ya dawo hannu sake. In yaro ya san za a yi masa dariya a dandali don bai zo da babur ba, to ba zai dawo ba, kuma wanda ba shi da wurin komawa kowa na iya sayensa. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Rabin farko na maganar yana hannun matafiyi, rabin ƙarshe kuwa a hannunmu yake.

Muna roƙon duk wanda ke da tsohon soja a gidansu, na Faransa ko na Ingilishi ko na yaƙin Biyafara, ya rubuto mana abin da ya ji daga bakinsa, da takarda ko lamba in akwai, domin mu adana kafin masu sani su ƙare. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.